Jirgi mai farfela da muke rainawa a Kano

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali, da Hajiya da sauran mutanen gida. Ranar nan ka tambaye ni yadda jiragen cikin gida suke a nan, intanet ta yanke mana ban ƙarasa maka ba. Na ga gara in rubuta, in ya so ka nuna wa 'yan majalisarku ta yamma, tunda na san maganar jirgi ba ta ƙarewa a wurinku, musamman in hazo ya sauka aka fara soke tashi.

Ka san a Aberdeen nake, a arewa maso gabashin Sikotlan, garin da harkar man fetur ta tara 'yan Najeriya da yawa. Aiki kan kai ni tsibiran Shetland, can tsakiyar teku, inda tashar mai ta Sullom Voe take. Mutanen tsibiran gaba ɗaya ba su wuce dubu 23 ba, unguwa guda a Kano ta ninka su. Hanya biyu ce zuwa can: ko jirgin ruwa, ka kwana a kan teku awa 12 zuwa 14, ko jirgin sama na kamar awa ɗaya. Wato dai tsawon tafiyar Kano zuwa Abuja. Kamfanin da ke wannan zirga-zirga ta sama Loganair ne, tun 1962 yake aiki, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne haɗa ƙananan garuruwa da tsibirai.

Jirgin da suke sa wa a hanyar ana kiransa ATR, haɗin gwiwar Faransa da Italiya ne. Farfela biyu gare shi, fukafukan a sama suke, ƙaramin yana ɗaukar mutum kusan 48, babban kusan 70. Babu dogon baranda da za ka bi ka faɗa ciki. Da ƙafa za ka taka filin, iska mai sanyi tana neman tsige maka hula, ka hau ta ƙofar baya, domin gaban jirgin wurin kaya ne. Kujeru biyu a dama, biyu a hagu, babu wanda ke maƙale a tsakiya. Babu labule da ya raba masu kuɗi da talaka, aji ɗaya ne kowa da kowa. In an tayar da farfela za ka ji ƙugin har cikin haƙora, musamman in kujerarka na daidai fiffike, shi ya sa masu wayo ke zaɓar ta baya. Da ya daidaita a sama sai ƙarar ta lafa. Ba ya yin nisa sama irin na manyan jirage, saboda haka in gari ya washe kana ganin jiragen kamun kifi a ƙasa.

Abinci kuwa, kada ka sa rai. Ma'aikaciya za ta turo 'yar kura ta tambaye ka shayi ko kofi, ta miƙo maka biskit ɗin Tunnock's mai zuma-zuma a takarda ja da ruwan gwal. Shi ke nan. Mutanen nan suna ji da biskit ɗin nan ƙwarai, har hotonsa suke ɗauka. Ni dai ɗan ƙunshin kek da lemo da ake ba mu a jirgin Abuja ya fi cika mini ciki. Amma shayin kyauta a nan abin a yaba ne, don kamfanonin arha irin su Ryanair da easyJet ko ruwa sai ka saya, jaka ma in ta fi ƙarfin ƙarƙashin kujera sai ka biya mata kuɗinta daban. A Loganair tikiti mafi arha ya haɗa da kilo 15 na kayan aune da kilo 6 na hannu. Ka ga wannan bai ishi ɗan Kano da bakkonsa ba. Mu da ko Abuja za mu je sai an ɗora mana saƙon mutum uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke cikin jirgin. Za ka ga tsohuwa da sandarta da takardar asibiti a hannu, za ta ga likita a babban asibitin Aberdeen, kuma hukumar lafiya ce ke biya wa marasa lafiyar tsibiri kuɗin tafiyar. Ga ɗalibi da jakar goyo. Ga masunci, ga ma'aikacin mai da rigar aikinsa. Babu wanda ya ci ado don zai hau jirgi, babu mai riƙe wa wani jaka, babu wanda ake jira. Tamkar motar Zariya a tashar Unguwa Uku, illa ita wannan ba ta jiran cika. A wurinmu har yanzu hawa jirgi alama ce ta samu. Su kuwa hanya suka ɗauke shi, kuma gwamnatinsu ma haka ta ɗauke shi.

Shi ya sa take sa hannu a ciki. Mazauna tsibiran suna da rangwamen rabin ainihin kuɗin tikiti, gwamnatin Sikotlan ce ke cike giɓin. Harajin fasinja da ake karɓa a sauran filayen jiragen Birtaniya, an yafe shi ga jiragen da ke tashi daga tsibirai da yankin tsaunuka. Wasu hanyoyin ma da ba za su taɓa kawo riba ba, gwamnati ce ke ba da kwangilarsu don kada a yanke mutane daga duniya. Akwai tsibirin Barra, inda jirgin da ke zuwa daga Glasgow yake sauka a kan yashin bakin teku, kuma lokacin tashinsa da saukarsa ya danganta ga janyewar ruwa, in teku ta cika filin jirgin ya nutse. A tsibiran Orkney kuma akwai tafiya tsakanin Westray da Papa Westray, kilomita uku ba ta cika ba, minti biyu ba ta kai ba, ita ce tafiyar jirgin haya mafi gajarta a duniya. Jirgin mutum takwas yake ɗauka, mutanen Papa Westray kuwa ba su kai ɗari ba. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ɗalibai ne ke hawa.

Filin jirgin Shetland ma da nasa abin kallo. Sunansa Sumburgh, yana can ƙarshen kudu, kilomita kusan 40 daga babban garinsu Lerwick. Ƙasar ta yi ƙaranci har titin mota ya ratsa ta bakin titin jirgi. In jirgi zai sauka sai a sauke shinge a tsayar da motoci, ya wuce, a ɗaga. Direbobin suna zaune shiru, babu mai hon.

To amma kada ka ɗauka arha ne. Ni da ba mazaunin tsibiri ba, babu rangwame a kaina, kuma sau da yawa tikitin wannan awa ɗayar ya fi na Landan zuwa Sifen tsada. Dalilin a fili yake: kuɗin matuƙa biyu da mai da gyara da filin jirgi, in ka raba wa mutum 48 ba daidai yake da ka raba wa mutum 189 na babban jirgi ba. In ka saya da wuri ka samu sauƙi, in ka bari sai gobe tafiya ka ji a jikinka. Harkar ma ba ta da tabbas ko a nan. Kamfanin Flybe, wanda ya taɓa zama babba a irin wannan sufuri a Turai, ya durƙushe a watan Maris na 2020, aka farfaɗo da shi, ya sake faɗuwa a Janairun 2023. Saboda haka in muka tuna Nigeria Airways da ya tsaya a 2003, ko muka ce ina Kabo Air a yau, mu san cewa ciwon ba namu kaɗai ba ne.

Jinkiri ma akwai shi. Ku hazon hunturu ke hana ku tashi a Disamba da Janairu, su kuma hazon teku ne a lokacin zafi, da guguwa a lokacin sanyi. Jirgi kan je har saman tsibiri ya yi ta shawagi, ya kasa ganin ƙasa, ya juyo da mutane inda ya ɗebo su. Wannan ikon Allah ne, babu mai ja. Inda suka sha gabanmu shi ne faɗar gaskiya a kan lokaci. Saƙo zai shigo wayarka tun kana gida, allon filin jirgi zai nuna sabon lokaci, matuƙi zai yi bayani da bakinsa. A gida kuwa ka san yadda ake yi: a ce "dalilan aiki", a bar ku kuna zare ido, tun La'asar har bayan Isha'i, wanda za ka tambaya ma ya ɓace.

Sannan akwai doka mai haƙori. A tafiyar da ba ta kai kilomita 1,500 ba, in jinkiri ya kai awa biyu dole a ba ka abin sa wa a baki. In ka isa a makare da awa uku ko fiye, kuma laifin na kamfani ne ba na yanayi ba, diyyarka fam 220. In an kwana, masauki a kansu. Ya taɓa faruwa da ni a wata hanyar daban, da wani kamfani: inji ya samu matsala, muka wuni a zaune. Na cike takarda a intanet, ban san kowa ba, ban kira kowa ba, bayan 'yan makonni kuɗi suka shigo asusuna. Mu ma fa hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama tana da dokokin haƙƙin fasinja a rubuce. Matsalar ita ce mai nema ya yi kaɗan. Da an ce jirgi ya iso sai kowa ya ce alhamdulillahi ya ɗauki jakarsa, magana ta mutu. Haƙuri abu ne mai kyau, amma kamfani ya gane mu da shi.

Yanzu ga abin da nake so ka kai majalisa. Mutanenmu suna raina jirgi mai farfela. In ɗan Kano ya leƙa ta taga ya ga farfela sai ya ce an kawo masa tsohon yayi, shi Boeing yake so. Alhali waɗannan ATR ɗin har yau ƙera su ake yi sababbi a Toulouse ta Faransa, kuma masu ƙera su suna cewa sun fi jet mai girmansu tsimin mai da kusan kashi 40 cikin ɗari. A tafiyar awa ɗaya, saurin da jet zai fi shi bai wuce 'yan mintoci ba. Ka duba halin da kamfanoninmu suke ciki: hayar jirgi da dala, kayan gyara da dala, inshora da dala, tikiti kuma da naira. Wanda ke cikin wannan hali ai tsimin mai ba abin wasa ba ne a wurinsa. Kuma cika kujera 48 daga Kano zuwa Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yola, ya fi sauƙi a kan cika 140. Amma sau da yawa ɗan kasuwar Kwari da zai je Yola sai ya gangara Abuja tukuna ya sake hawo arewa, tikiti biyu, wuni guda. Ko kuwa ya bi hanya da addu'a a bakinsa.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Kamfanin Overland ya daɗe yana amfani da ATR. Rano Air kuma da ta fara aiki a 2023 da Embraer 145 ta fara, ƙaramin jet mai kujeru kusan 50, kujera ɗaya a hagu biyu a dama, irinsa sak Loganair ke da shi a nan. Na hau shi a can na hau shi a nan, ban ga bambanci a jikin jirgin ba. Kano ce fa garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, filinmu kuma shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Bai kamata a ce kowace tafiya ta arewa sai ta bi ta Abuja ba.

Inda gida ya fi daɗi kuwa, sallah. A filayen jiragenmu masallaci na nan, buta na nan, ka ji kiran sallah ka bi jam'i. A nan sai ka nemi ɗan lungu ka duba alƙibla a waya. A Shetland cikin Disamba rana ba ta cika awa shida a sama, Azahar da La'asar da Magariba a jere suke zuwa, sai mutum ya haɗa ya yi ƙasaru kafin a kira shiga jirgi. Kuma babu mai tarbarka da "sannu da hanya". Ka ɗauki jakarka ka nemi bas.

In Allah ya nufa zuwanka ya tabbata, ka sanar da ni da wuri in sayi tikitin tsibirin tun yana da sauƙi, Yuni ko Yuli ya fi. Ka taho da rigar sanyi duk da haka. Kilishin da Hajiya ta ce za ta aiko kuwa, ka ba ta haƙuri, ba a shigo da nama Birtaniya daga Najeriya, kwastam za su karɓe. Yaji da kuka da daddawa sun wadatar. Ka rubuto mini nawa tikitin Kano zuwa Abuja ya kai yanzu.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka.