Gidan gona na Bayleaf: kuɗin tikitina bai tafi a banza ba

Gaskiya duk wanda Allah Ya kai shi kudancin Ingila ya daure ya leƙa Weald and Downland Living Museum, gidan tarihin tsofaffin gine-gine da ke ƙauyen Singleton, ni dai gidan gonar nan Bayleaf kaɗai ya ishe ni kallo. Tun farkon shekarun 1400 aka gina shi a yankin Kent, da za a yi dam ɗin Bough Beech sai aka kwance shi itace-itace aka kawo nan aka sake haɗawa, ba don haka ba da tuni ya salwanta.

Abin da ya fi burge ni katakon oak ne zalla, an huda an saka wani cikin wani an ɗaure da turakun itace, tsakaninsu kuma an saƙa tsumagu an yaɓe da laka. Zauren tsakiya ba bene a samansa, wuta a tsakar ƙasa, ba bututun hayaƙi, kana ɗaga kai ka ga rufin ya yi baƙi. Tagogi ma ba gilashi wallahi, sai murfin katako.

Ma'aikatan suna bayani tsaf ba gajiya. Ka taho da rigar sanyi da takalmin da zai jure taɓo, don akwai tafiya sosai.