Haƙori ya tsage: ciko ko cirewa?

Tambayar nan ta yi yawa a Zariya, daga Sabon Gari har Samaru: haƙori ya gutsure a kan busasshiyar aya ko tsakuwar cikin wake, shin a cike shi ne ko a cire a huta?

Ta fuskar kuɗi, cirewa ta fi sauƙi a ranar farko, shi ya sa mutane ke rugawa gare ta. Amma giɓin ba ya zama haka nan. Haƙoran gefe sukan karkato cikinsa sannu a hankali, ƙashin wurin ya zaizaye, tauna ta koma ɓangare guda. In daga baya aka nemi sa na roba, kuɗin yakan wuce na ciko.

Ciko kuwa zama ɗaya ne in gutsurewar ba ta yi zurfi ba, kuma haƙorinka na nan. Sai dai yana iya faɗuwa bayan wasu shekaru, musamman ga masu buɗe kwalba da haƙori. In tsagewar ta kai jijiya, alamarta zogi da dare ko zafin da ke daɗewa bayan shan ruwan sanyi, ciko kaɗai ba ya isa: sai an wanke jijiyar, a rufa wa haƙorin hula. Hoto ma ba kullum yake nuna tsagewa ba, don haka a bar likitan haƙori, irin na asibitin koyarwa na Shika, ya duba da kansa.

Wanda gefen haƙorinsa kawai ya ɓalle, ciko ya fi dacewa da shi. Wanda tsagewar ta gangara ƙarƙashin dasashi har saiwa, cirewa ce ta rage masa.