Sharhi a Kan Aikin Ɗan Jagora a Kufan Surame

Duk wanda ya yi niyyar ziyartar kufan Surame da ke Jihar Sakkwato, shawarata ita ce kada ya shiga wurin sai tare da ɗan jagora daga ƙauyukan da ke kewaye, domin abin da ya rage na birnin ya bazu ne cikin daji, kuma baƙo zai iya taka harsashin gida ya wuce bai san ya taka tarihi ba. Muhammadu Kanta ne ya kafa birnin a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga daular Songhai, kuma nan ne fadar Kabi ta zauna har wajen shekarar 1700, lokacin da aka ƙaura zuwa Birnin Kabi.

Dattijon da ya yi mana jagora ya san wurin ƙwarai. Ya bi da mu gefen ganuwa, wadda aka gina da duwatsu saɓanin ganuwar ƙasa irin ta Kano, yana nuna inda ginin yake tsaye har yanzu da inda ya zube ya zama ɓaraguzai, sannan ya tsaya a gurbin wata ƙofa ya bayyana yadda masu tsaro ke hango mai zuwa tun daga nesa. Wannan bayani shi ya fi komai amfani a gare ni, saboda da shi ne tarin duwatsun ya koma birni a idona, mai mashiga da unguwanni da fada. Bai gaggauta mu ba, kuma bai yanke mana kuɗi ba, abin da muka ba shi ya karɓa da godiya.

Inda aikin ya gaza shi ne wajen rarrabe tarihi da labarin baka, domin yana ba da labarin hukuncin Kanta da na iskokin wurin da murya ɗaya, ta yadda ɗalibi ba zai gane wanda zai dogara da shi ba. Wurin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa tun 1964, aka kuma shigar da shi jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO a 2007, ya cancanci 'yan jagora da aka horar. Mai zuwa ya zaɓi lokacin rani, ya fita da sassafe, ya riƙe ruwan sha da takalmi mai ƙwari, domin babu shago a kusa.