Irin tumatir UC82B a buhu a tsakar gida: ra'ayina

Jama'a masu tambaya wane irin tumatir ya dace da ɗan fili a gida, ni dai UC82B nake sayowa a shagon kayan noma, na ƙaramar leda, kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Iri ne da aka samar a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka saboda masu yin tumatirin gwangwani, shi ya sa za ku ga yana da tauri da tsoka, ruwansa kaɗan ne, ba irin wanda za ki markaɗa ki tsaya kina jiran ruwa ya ƙone gas na tafiya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya yin dogo, gajere ne mai tattaruwa, don haka buhun siminti ko tsohon bokiti da aka huda ƙasansa ya ishe shi, sai ƙasa mai kyau a gauraya da kashin awaki ko na kaji wanda ya riga ya ruɓe (ɗanye yana ƙona saiwa fa). Cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 ya tsiro, bayan kamar sati 4 a yi dashe, daga nan wata biyu da rabi ko kusa da haka an fara tsinka. Kuma ba irin aure ba ne wato haibrid, za ka iya matse 'ya'yan wanda ya nuna sosai ka shanya ka ajiye na baɗi.

Amma fa akwai inda ya gaza. Na farko zafi, in ka shuka shi ya zo fure a Maris ko Afrilu to furen zubewa zai yi kawai kana kallo, lokacinsa shi ne a yi rainon iri wajen Oktoba ya sha sanyin hunturu, kamar yadda manoman rani na Kadawa da Kura a jihar Kano suke yi. Mai shagon da nake saye bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba a gabana, shi dai a miƙo kuɗi, kuma sai ka duba ranar lalacewa a jikin ledar da kanka don wasu sun daɗe a rana. Sannan 'ya'yan kusan tare suke nuna, sati biyu uku gida ya cika da tumatir daga nan shiru, sai dai a yanka a yi kauɗa ko a rarraba shukar tsakanin buhu da buhu. Tsutsar nan sharon da ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016 ma ba ta ƙyale shi, da ka ga farin zane a ganye ka tsinke ganyen ka ƙona, ni ruwan ganyen darbejiya nake fesawa da yamma. In gindin ɗan tumatirin ya yi baƙi kuwa yawanci ban ruwa ne ba a kan tsari ba, yau a cika gobe a manta.

Ta fannin lafiya yana da bitamin C da sinadarin fotasiyam, ga kuma laikofin wanda shi ke ba shi jan launin nan, kuma jiki ya fi ɗaukarsa in an dafa da ɗan mai, wato miyar dage-dagenmu ma ba asara ba ce. Ɗanyen kuma a kwaɗo ko kan wake da shinkafa, ka san ba a fesa masa maganin ƙwari jiya an kawo kasuwa yau ba. Masu ciwon ƙoda dai su tambayi likita saboda fotasiyam ɗin, masu ƙwannafi ma su rage ɗanye.

In salak kake so mai ruwa da zaƙi nemi wani irin, wannan na miya ne. Ni dai Oktoba mai zuwa in Allah ya kai mu shi zan sake saya.