Wasan daɓe zalla ko mai waƙa, wanne za a kai yara?

Hajiya kin ce matasan unguwarku sun sa wasa biyu a hutun nan, ɗaya daɓe zalla ɗaya mai waƙa da rawa, kuɗin shiga na guda kawai gare ki, ga yara ga kuma surukarki da za ta bi ku. To ni dai kafin ki biya ko sisi ki tambaya waye ke riƙe da kayan sautin mai waƙar.

Shi daɓe zalla ba ya cin kaya, tabarma ce da kujera biyu da labule sai ɗan wasa mai murya, ko an ɗauke wuta ana ci gaba. Kuma a nan Kano muka fi gwaninta, tun zamanin su marigayi Ɗan Masani Maitama Sule ake yinsa, ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa da Gyaranya duk da dirama suka fara kafin Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990 kowa ya koma bidiyo. Inda yake ba da matsala shi ne tsawo, da yawansu ba sa rubuta magana, labarin kawai ake faɗa wa ɗan wasa ya hau ya yi ta zuba, in ya ga ana dariya kuma ba zai sauka ba, fitowar da ya kamata ta ƙare a minti biyar sai ta ci ashirin, yara su fara neman mai awara.

Mai waƙa kuwa yara ba sa gyangyaɗi, wannan gaskiya ne. Amma kala biyu ne fa. Akwai wanda makaɗa ke zaune gefen dandamali da kalangu da sarewa ana yi a gabanki, in kin taɓa ganin 'yan Koroso irin na hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, kacau-kacau ɗaure a ƙafa suna tsalle suna lanƙwasa jiki, kin san abin da nake nufi, wannan ko nawa ne ya ci kuɗinsa. Akwai kuma wanda aka ɗauko waƙa daga situdiyo aka zuba a filas, yara na motsa baki kawai. Shi wannan ransa na hannun janareta, yana tari sifika ta yi ƙiiii, jaruma ta tsaya baki buɗe hannu a sama, shikenan wasa ya mutu.

Sai maganar surukarki. Kin san rawar mace da namiji a garin nan, tun kafa hukumar tace fina-finai a 2001 ake kai ruwa rana a kanta, don haka ki tambaya ko rawar gargajiya ce ko irin ta fim, kar ki je ki rasa inda za ki sa fuskarki. Shi ma daɓen ba a rasa mai barkwancin da baki ke suɓuce masa, amma da sauƙi.

In da makaɗa a wurin ku je mai waƙa, in filas ne ku je daɓe, ku kama gaba-gaba don Hajiya babba ta ji magana, kuma ki tabbatar za a tashi kafin magariba saboda samun adaidaita.