Bertie da Jeeves: yaron gida ne ke riƙe da akalar maigida

Littattafai biyu na P. G. Wodehouse, marubucin barkwanci ɗan Ingila, na karanta a jere, Right Ho, Jeeves na 1934 da The Code of the Woosters na 1938. Na farkon kyauta na same shi a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai, na karanta a waya. Na biyun kuwa gwanjo na saya, bangon duk ya ji jiki. Da kuɗin da lokacin babu wanda na yi da-na-saninsa, amma akwai inda zan yi ƙorafi.

Ga wanda bai san su ba: Bertie Wooster saurayi ne ɗan masu da shi a Landan, bai taɓa aikin fari ko na baƙi ba, daga kulob ɗinsu na Drones sai gidajen dangi a ƙauye. Jeeves hadiminsa ne, shi ke goge masa kaya, ya kai masa shayi har gado, ya kuma fitar da shi daga duk ramin da ya jefa kansa. Wodehouse ya fara kawo su a wani gajeren labari a 1915, bai rabu da su ba sai 1974, shekara guda kafin rasuwarsa. Gajerun labarai 35 da cikakkun littattafai 11 ke nan.

Kowa basirar Jeeves yake yabo. Ni Bertie ne ya riƙe ni, domin da bakinsa ake ba da labarin. Mutum ne da zai shirya shirme ya kawo maka shi cike da alfahari, yana jan baitin waƙar da ya haddace a makaranta, ya kai rabi ya manta, sai Jeeves ya ƙarasa masa cikin ladabi. Kuma duk wahalar da yake sha ta wasu ce. Aboki ya zo da kuka, ba ya iya cewa a'a. Goggo Dahlia ta aike shi sata, in ya yi gardama ta ce to ya yi ban kwana da girkin kukunta Anatole, Bafaranshe. Nan take ya miƙa wuya.

Wurin da ya fi ba ni dariya yana cikin Right Ho, Jeeves. Gussie, abokin Bertie mai matsananciyar kunya, wanda ba ya iya hira sai ta wasu 'yan halittun ruwa masu kama da ƙadangare da yake kiwo, an ɗora masa raba kyaututtuka a wata makarantar yara maza. Bai taɓa shan giya ba. Don ya samu ƙarfin hali aka zuba masa ita a ruwan lemo, ashe ya riga ya ɗirka wata da kansa. Ya hau dandamali ya dinga caccakar shugaban makaranta da ɗalibai, har ya hango Bertie a bayan zaure ya tona shi da cewa maguɗi ya yi ya ci kyautar ilimin Baibul tun suna yara. A cikin mota na karanta wannan babin, sai da na kife wayar a cinya saboda na kusa da ni ya fara kallona.

Jeeves kuwa, a gaskiya, ba shi da tausayi kamar yadda ake zato. Don ya sasanta mutanen gidan da ke gaba da juna, sai ya sa Bertie ya kaɗa ƙararrawar gobara da tsakar dare, kowa ya fito, ƙofa ta kulle. Aka tura Bertie kan keke mil 18, zuwa da dawowa, neman makullin da tun farko yana hannun Jeeves. Hikimar ita ce in suka haɗu a kan zagin mutum ɗaya za su shirya. Suka shirya ɗin. Farar kwat ɗin da Bertie ya zo da ita daga Faransa, wadda Jeeves ya tsana, ita ma aka "manta" dutsen guga a kanta. Na yi dariya, amma na ɗan ji wa Bertie.

The Code of the Woosters ya fi ƙulli. Butar madara ta azurfa mai siffar saniya, da hular ɗan sanda, da wani ɗan littafin rubutu, su ke yawo daga hannu zuwa hannu. A nan ne Roderick Spode yake, ƙaton da ke mafarkin zama ɗan kama-karya, mabiyansa na sa baƙin gajeren wando domin an riga su kwashe launukan riguna. Shaguɓe ne ga Oswald Mosley, jagoran masu aƙidar kama-karya ta fasist a Birtaniya a lokacin, da 'yan baƙar rigarsa.

Ƙorafina na farko, Turancin. Na samarin Ingila ne na wajen 1920, cike da gutsattsarin kalmomi, ƙamus ma wani lokaci ba ya fitar da kai. Sai ka wuce babi biyu ko uku kunnenka zai saba. Na biyu, kada ka yi irin karatuna na jere: baiko ya warware, Madeline, budurwar Gussie, ta ɗauka Bertie sonta yake, Jeeves ya gyara, haka abin yake ta zagayowa. Na kuma leƙa Thank You, Jeeves, na tarar da wuraren da ake shafa baƙi a fuska don a yi kama da baƙar fata a matsayin abin dariya, na ajiye shi. Giya tana ko'ina, amma babu batsa.

Mai son farawa ya fara da Right Ho, Jeeves, tunda kyauta ne. In Turancin ya yi masa nauyi, ya kalli ko da kashi ɗaya na shirin talabijin ɗin da Hugh Laurie da Stephen Fry suka yi daga 1990 zuwa 1993, sannan ya dawo kan littafin.