Yankari: a gyara masauki ko a biya masu gadin daji?

Tun 2006 da gwamnatin tarayya ta maida wa jihar Bauchi Yankari nauyin dajin ya koma kan kasafin kuɗin jiha, to ɗan abin da ake warewa ina ya kamata a fara zuba shi?

Wasu sun ce a gyara ɗakunan kwana na Wikki, a sa wuta, a gyara titi, baƙi su zo su yi wanka a ruwan ɗumi su biya kuɗin shiga. Maganarsu abar dubawa ce gaskiya.

Amma ni dai ina bayan masu gadi wallahi. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,000 fa, mutum ya kwana a jeji yana bin sawun mafarauta masu bindiga, in ba alawus, ba takalmin kirki, ba mai a motar sintiri, wa zai tsare giwayen? Ɗaki in ya tsage bana sai a gyara baɗi, giwa kuwa wata 22 take ɗauke da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Ga kuma manoman ƙauyukan Alkaleri da giwaye ke faɗa wa gona su cinye dawa dare ɗaya, su ma a sa diyyarsu cikin lissafin.